Ciwon da Ake Zama da Shi a Bakin Iyaka: Nazari kan Ɗorewar Magani Tsakanin Jibiya da Maraɗi

Tsakure

Wannan nazari ya dubi halin da masu hawan jini, ciwon sukari, sikila, farfaɗiya da ciwon ƙoda suke ciki a yankin Jibiya, inda jihar Katsina ta yi iyaka da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Ya nuna cewa babbar matsalar waɗannan majinyata ita ce yankewar magani bayan an fara shi. Ya bi diddigin abubuwa huɗu da ke jawo yankewar: rufe iyaka da rashin tsaro, tsadar magani, saɓanin tsarin asibitocin ƙasashen biyu, da yadda jama'a suka ɗauki ciwo da warkewa. A ƙarshe ya kawo matakan da za a iya ɗauka ba tare da jiran gina sabon asibiti ba.

1. Gabatarwa

Asibitocinmu an tsara su ne don ciwon da ke zuwa ya tafi. Zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, a ba shi magani na kwana uku, ya miƙe. Mace ta zo haihuwa, ta sauka, a sallame ta. Hawan jini da ciwon sukari ba su bin wannan tsari. Wanda aka gano yana da su yau, da wuya ya rabu da shan magani har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka ba a auna nasarar jinyarsu da abin da ya faru ranar da aka ga likita. Ana auna ta da yawan kwanakin da majinyaci ya sha magani a jere, wata da watanni, shekara da shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2003 cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu irin wannan ciwo ne kawai suke bin magani yadda aka tsara musu, kuma abin ya fi muni a ƙasashe masu tasowa. A rahotonta na 2023 kan hawan jini ta ce masu ciwon a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. A Najeriya, ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2018 ya ɗora kashi 29 cikin ɗari na mace-mace a kan cututtukan da ba a ɗauka daga wani.

Waɗannan alƙaluma na ƙasa da ƙasa ne. Tambayar wannan nazari ta fi su ƙunci: me ke faruwa da mai irin wannan ciwo idan yana zaune a wurin da asibitinsa, kasuwarsa da danginsa suka rabu tsakanin hukumomi biyu, kuma ƙofar da ke tsakaninsu tana buɗewa da rufewa bisa dalilan da ba su shafi lafiyarsa ba?

2. Jama'a ɗaya, hukuma biyu

Jibiya tana da nisan kilomita 40 da 'yan kai daga birnin Katsina, kuma kimanin kilomita 50 daga Maraɗi. Mashigar hukuma tana Magama, daga can a faɗa Ɗan Isa a gundumar Madarunfa. Iyakar kanta ba ta daɗe ba. Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, aka kafa alamominta a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Maraɗi kuwa zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa mulki a cikinta bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, shi ya sa har yau ake kiran sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi. Auratayya, kasuwanci da zumunci sun riga shingen kwastan zuwa.

Wannan tarihi yana da tasiri kai tsaye a kan neman magani. Mutumin yankin yana da hanyoyi biyu a gabansa. Ta kudu akwai Babban Asibitin Jibiya, sai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi a Katsina, sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fara dashen ƙoda tun 2002. Ta arewa akwai cibiyar lafiya ta Ɗan Isa, asibitin gundumar Madarunfa, da manyan asibitocin Maraɗi. Ga Bamaraɗe, Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, domin tsakanin Maraɗi da Yamai ya haura kilomita 600. Ga matan ƙauyukan Jibiya kuwa, an daɗe ana ganin suna tsallakawa da yara masu tamowa zuwa Ɗan Isa da Madarunfa, inda ƙungiyar Likitocin Na-gari Na-kowa, wato MSF, take aiki, kafin ta buɗe ayyukanta a jihar Katsina a 2021. Nijar kuma tun 2006 ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta.

Ashe ke nan iyakar tana da fuska biyu. Idan tana buɗe, gata ce: wanda ya rasa magani a nan sai ya nema a can, wanda gwaji ya yi masa tsada a can sai ya zo nan. Idan ta rufe, ko hanya ta ɓaci, wanda ya saba da asibitin tsallake ya fi kowa shiga uku, domin katinsa, likitansa da tarihin ciwonsa duk suna bayan shinge.

3. Ciwuka gwargwadon jure yankewa

Ba kowane ciwo ne yake ɗaukar yankewar magani daidai da ɗan'uwansa ba. Domin fahimtar halin yankin, ya dace a kasa ciwukan gida uku.

Kashi na farko shi ne na kwanaki. Yaro ko matashi mai nau'in ciwon sukarin da jiki ya daina samar da insulin gaba ɗaya, idan allura ta yanke masa, cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki jininsa zai gurɓace, ya shiga amai da numfashi sama-sama, ya suma. Mai wankin ƙoda ƙa'idarsa sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu. In ya tsallake mako guda, ruwa da guba su taru masa. Mai farfaɗiya da ya daina shan fenobabiton kwatsam yana iya faɗuwa fiye da yadda yake yi kafin ya fara magani. Waɗannan ba su da ranar jira.

Kashi na biyu shi ne na makonni da watanni. A nan ake samun mai cuta mai karya garkuwar jiki da mai tarin fuka, wanda maganinsa wata shida ne. Yankewa a gare su tana ba ƙwayar cuta damar bijire wa magani, har a koma ga wani mai tsada da wahalar sha. Mai sikila ma yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara. Kulawarsu ta yau da kullum ta haɗa da folik asid, rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da haidiroksiyuriya ga waɗanda suka dace. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna kan yara 220, aka buga sakamakonsa a 2022, ya nuna cewa ƙaramin awo na haidiroksiyuriya, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, bai gaza awon miligiram 20 ba wajen kare shanyewar ɓarin jiki. Wannan bushara ce ga talaka, amma da sharaɗin a sha kullum.

Kashi na uku shi ne mai yaudara: hawan jini da ciwon sukarin manya. Mai shan amlodifin in ya daina yau, ba zai ji komai gobe ba, domin maganin yana daɗewa a jiki, kuma hawan jinin kansa sau da yawa ba ya ciwo. Sai mutum ya ɗauka ya warke. Bayan watanni ko shekaru sakamakon ya bayyana a shanyewar ɓarin jiki, kumburin zuciya, mutuwar ƙoda ko makanta. Wannan kashi ne ya fi yawan jama'a, kuma shi ne ke ciyar da kashi na farko da sababbin majinyata, tunda hawan jini da sukari su ne manyan hanyoyin zuwa ɗakin wankin ƙoda.

4. Shekarun shinge: 2019 zuwa 2024

A watan Agusta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur. A Nuwamba na shekarar hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya tada kuɗin mota da na acaɓa a garuruwa irin su Jibiya. A Maris 2020 annobar korona ta ƙara ƙulle zirga-zirgar mutane. Lokacin da aka buɗe iyakoki huɗu a Disamba 2020, Illela da Maigatari suna ciki, amma Jibiya sai a Afrilu 2022 aka buɗe ta.

Ba a daɗe ba aka sake rufewa. Bayan sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ranar 30 ga watan. Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarkin da Nijar ke dogaro da ita, ciki har da layin da ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa mai ba Maraɗi da Damagaram wuta. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka a Maris. In aka haɗa lissafi, daga Agusta 2019 zuwa Maris 2024 wata 55 ne, kuma kusan 40 daga cikinsu mashigar Jibiya ba ta aiki yadda ta saba.

Akwai wani bambanci da ya cancanci lura. Takunkumin da ECOWAS ta sa wa Mali a Janairu 2022 ya keɓe abinci, magunguna, kayan asibiti, mai da lantarki. Na Nijar a 2023 bai zo da wannan keɓewa ba. Da yake yawancin magungunan Nijar ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ke Binin suke shigowa, kuma iyakar Binin ma ta rufe, masu sayar da magani a ƙasar sun koka da ƙarancin kaya cikin 'yan makonni.

A ɓangaren Najeriya kuma rashin tsaro ya kafa nasa shingen. A Satumba 2021 gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Jibiya, aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Sai a Disamba aka dawo da layukan. A Maris 2022 mutanen ƙauyen Shimfiɗa suka watse zuwa cikin garin Jibiya. Tun 2019 kuma dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. Wanda ya gudu da tsakar dare ba ya tsayawa neman katin asibiti. Wanda waya ta ɗauke masa ya rasa hanyar da ɗansa da ke Legas ko Abuja yake turo kuɗin magani.

Gaskiya ne rufe mashigar hukuma bai taɓa hana tsallakawa ba, domin ɓarauniyar hanya ba ta ƙirguwa. Amma ta mai ƙarfi ce. Matashi mai buhun shinkafa zai iya ratsa daji a kan babur. Tsohuwa mai kumburin ƙafa da haki, ko yaro mai sikila da ciwon ƙashi ya taso masa, ba za su iya ba. Rufewar ta tace matafiya, kuma marasa lafiya ta fi tarewa.

5. Kuɗi da sayen magani ƙwaya-ƙwaya

Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihar Katsina ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma manomi da ɗan tireda, waɗanda su ne mafi yawan mutanen yankin, ba su da albashin da za a riƙa cira. A kan wannan hali 2023 ta faɗo. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a Yuni. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a Fabrairu 2024. Kamfanin GSK, mai maganin shaƙa na asma Ventolin, ya sanar a Agusta 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, Sanofi ya biyo baya a Nuwamba. Tunda akasarin magunguna da sinadaran haɗa su daga waje suke, farashi ya bi dala.

Sefar Nijar kuwa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, don haka ba ta faɗi ba. A 2024 jaka ɗaya ta sefa ta haura naira dubu biyu. Wannan ya juya alƙiblar ciniki: kayan Najeriya suka yi wa mai sefa araha, asibitin Maraɗi ya yi wa mai naira tsada. Daga Satumba 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, amma ragin bai shafe giɓin canji ba.

Abin da wannan ke haifarwa ana ganinsa a gaban kowane kemis ranar kasuwa. Dattijo zai miƙa tsohon kwalin magani da ya yi laushi a aljihu, ya ce, “Yaro, irin wannan.” Mai shago ya ce, “Baba, na kwana nawa za a ba ka?” Ya ce, “Ba ni na ɗari biyar.” Sai a sa almakashi a yanko masa ƙwayoyin da kuɗin suka saya. Yankan ya tafi da sunan maganin da ranar lalacewarsa. Ba a auna jininsa ba, ba a rubuta komai ba. In ya sha ya ƙare, sai ranar da kansa ya sake sarawa. Ta haka maganin da aka yi don kullum ya koma na ranar da aka ji jiki.

Tsada kuma tana tura mutane ga 'yan tallan magani da ke zagaya kasuwanni da kaya a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ce a rahotonsa na 2023 a ƙasashen Sahel abin yana tsakanin kashi 19 da 50 cikin ɗari. Ga mai ciwon kwana uku, jabun magani hasara ce ta lokaci ɗaya. Ga mai hawan jini, yankewa ce da bai san ta faru ba. Ƙari a kan haka, haɗin maganin ciwon jiki da ake sayarwa barkatai, mai ɗauke da diklofenak ko ibufurofen, yana tada jini yana kuma lahanta ƙoda.

6. Awo biyu, suna biyu

Akwai matsalar da ba kuɗi ke jawo ta ba. Asibitocin Nijar sun gaji tsarin Faransa, na Najeriya sun gaji na Ingila. Ma'aikacin jinya a Maraɗi zai ce wa majinyaci jininsa 16 bisa 10, ya rubuta 16/10. A Katsina wannan awo shi ne 160/100. Mutum ɗaya da ya ji “16” a can, ya ji “160” a nan, yana iya zaton ciwonsa ya ninka. A gwajin sukari abin ya fi rikitarwa. Mizanin da ake tabbatar da ciwon kafin karin kumallo shi ne 7.0 a ɗakunan gwajin Najeriya, 126 a ƙananan na'urorin gida, 1,26 a takardar Nijar. Duk abu ɗaya ne da ma'auni uku.

Sunayen magani ma haka. Amlodifin na kamfani ɗaya ana sayar da shi da sunan Norvasc a nan, Amlor a ƙasashe masu bin Faransa. Wanda ya ga likita a ɓangarorin biyu yana iya haɗa su ya sha, yana ganin magani biyu ne, alhali ya ninka awo ne. Insulin kuma yana zuwa da ƙarfi biyu, mai 40 da mai 100 a kowane mililita, kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi mai 100 da sirinjin mai 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa, kuma wannan ya isa ya sumar da mutum.

Majinyaci da ma'aikaci duk Hausa suke yi a baki. A takarda ne ake rabuwa, ɗaya da Faransanci, ɗaya da Ingilishi. Da yake babu rajistar da ke bin mutum daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, kowane zuwa sabon farawa ne: sabon kati, sabon gwaji, sabon kuɗi, wani lokaci sabon magani.

7. Cikin gida

Mafi yawan jinyar irin wannan ciwo a gida ake yin ta. Insulin da ba a buɗe ba ana ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, a yankin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wuta kuma ba ta da tabbas. Wani bincike da MSF ta yi tare da Jami'ar Janeba, aka buga a 2021, ya gano cewa a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu. Dabarar rage zafin kuwa tamu ce. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tashi daga jikin tukunyar shi ke janye zafi, kuma dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta wannan yanki. In aka ɗaure kwalbar cikin leda don kada ruwa ya taɓa murfinta, gida marar firiji ya sami mafita.

Abinci shi ne fage na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini. Ɗunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke tada jini. A gidan da tukunya ɗaya ke ciyar da mutum goma sha wani abu, mai hawan jini ba shi da miyarsa ta daban, kuma matar da ke girki ba ita aka yi wa bayani a asibiti ba. Mai sukari kuma ana yawan ce masa ya bar tuwo da fura ya koma alkama da acca, shawarar da aljihunsa ba zai ɗauka ba, alhali rage yawan tuwon, ƙara wake da ganye, da barin sukari a shayi da koko sun fi sauƙin ɗorewa.

Azumi shi ne na uku. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, ya rama ko ya ciyar, amma mutane da yawa suna jin nauyin a gan su suna ci. Jagororin da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar tare da masana Musulmi a 2016, ta sabunta a 2021, sun kasa majinyata gwargwadon haɗari, sun ce a karya azumi in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a na'urar gida, kuma huda yatsa don gwaji ba ya ɓata azumi. Mai shan gilibenkilamaid ya fi mai shan metfomin haɗarin faɗuwar sukari da rana. Wannan bayani ya fi shiga in limami da malamin asibiti suka faɗe shi da baki ɗaya kafin watan ya kama.

Ƙarƙashin duk waɗannan akwai fahimtar da muka gada, cewa magani na gaskiya shi ne wanda ke raba mutum da ciwo. Mai maganin gargajiya da lasifikarsa yana alƙawarin warkewa cikin mako biyu. Likita yana cewa sai dai a sha har abada. Mai jin jiki zai karkata ga na farko, kuma ba wauta ba ce, lissafin mai ƙaramin ƙarfi ne. Farfaɗiya da shanyewar jiki kuma har yanzu ana danganta su da iskoki ko sammu. Ma'aikacin da ya raina wannan fahimta ya rasa majinyacinsa. Wanda ya ce a ci gaba da addu'a da tofi, amma kada a ajiye ƙwaya, ya fi samun biyayya.

8. Abin da za a iya yi

Mataki na farko shi ne ba da maganin wata uku a zuwa ɗaya ga wanda ciwonsa ya daidaita. Shirin cuta mai karya garkuwar jiki ya riga ya gwada wannan, inda ake ba da na wata uku zuwa shida. Ana iya cewa wasu za su sayar da rabonsu a tsallake. Haɗarin yana nan, amma amlodifin da metfomin ba kayan maye ba ne, ribarsu kaɗan ce, kuma hasarar 'yan ƙwayoyi ba ta kai kuɗin jinyar shanyewar jiki ɗaya ba.

Na biyu shi ne kati guda da majinyaci zai riƙe, mai Hausa, Faransanci da Ingilishi, wanda ke ɗauke da asalin sunan magani, awonsa, da sakamakon gwaji a ma'aunan ƙasashen biyu. Ba ya bukatar kwamfuta ko intanet, kuma yana aiki ko an katse waya.

Na uku shi ne sauko da jinya ƙananan asibitoci. Shirin daƙile hawan jini da aka fara a jihohin Kano da Ogun a 2020 ya ba ma'aikatan lafiya na matakin farko tsari mai sauƙi, a fara da amlodifin, a ƙara wani in jini bai sauka ba. Ministocin lafiya na Afirka kuma sun amince a Lome a Agusta 2022 da tsarin kai jinyar sikila, sukarin yara da ciwon zuciya asibitocin gunduma. Asibitin Jibiya da na Madarunfa su ne irin wuraren da aka yi tsarin dominsu.

Na huɗu na hukumomi ne. Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, don haka yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ta 1979 ba ta da tabbacin da take da shi a da. Amma Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, ta ƙasashen biyu ce kai tsaye. A ƙarƙashinta za a iya rubuta ƙa'idar da ke keɓe magani da majinyaci daga duk wata rufewa. Akwai abin koyi: a yaƙi da shan inna, ƙasashen sun daidaita ranakun rigakafi, sun ajiye masu ɗiga magani a mashigai, har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a Agusta 2020.

9. Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa a yankin Jibiya mai ciwon da ake zama da shi yana da asibitoci a gabas da yamma, kudu da arewa, amma ba shi da tabbacin cewa maganin da ya sha wannan wata zai samu a wata mai zuwa. Yankewar tana zuwa ta shingen hukuma, ta bindiga, ta faɗuwar naira, ta takardar da ba a iya karantawa a tsallake, da kuma ta zaton an warke. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021 zai ratsa Jibiya, kuma in ya kammala zai rage wahalar zuwa manyan asibitoci. Sai dai jirgi ba zai daidaita ma'aunin sukari ba, ba zai sa a ba da maganin wata uku ba. Waɗannan aikin ma'aikatun lafiya na Katsina da Maraɗi ne, kuɗinsu kaɗan ne, kuma lokacin yin su shi ne yayin da mashigar take buɗe, domin tarihin 2019 zuwa 2024 ya nuna cewa ba a ba majinyaci sanarwa kafin a rufe ta.